Ranar da Taiba Ta Kifa Ƙwarya

Ranar da Taiba ta fara aiki a wata firamare da ke bayan garin Talata Mafara, kan hanyar Ruwan Gizo, ta shiga ajin da aka ba ta da sallama, ba wanda ya amsa. Bencina ne kawai da jakunkunan yara. Ta tsaya riƙe da alli, ga sabon mayafi, ga darasin da ta sha wahalar shiryawa, amma ba mai saurare. Can sai ta ji kiɗa yana tashi daga bayan aji.

Ita kuwa Taiba ɗiyar Alhaji Barau ce na Bakura, ta kuma gado shi a abu ɗaya: in abu bai yi mata ba, ba ta iya haɗiye shi. Ta gyara mayafi ta bi sautin.

A 'yar gonar makaranta ta tarar da ɗalibanta, kowa da ƙaramar hauya, kowa an ba shi kuyyarsa, wato layinsa na gyaɗa, yana nomewa. A gefe ga wani saurayi dogo, riga a goge, biro a aljihu, ganga rataye a kafaɗa. Yana kaɗawa hankali kwance, hauyoyin yara na sauka tare da bugunsa.

"Sannu da aiki, Malam," in ji ta. "Biki ake yi ba a gaya min ba?"

Bai daina kiɗan ba, ya dai rage shi, ya dube ta da murmushi.

"Sannu da zuwa, Malama. Ina gajiyar hanya? Sunana Zaharaddini. Ki yi haƙuri, yau Alhamis, ranar gayyarmu ce. Ki tsaya ki ga ƙarshen darasin, in bai yi miki ba sai ki kai ƙarata wurin hedimasta."

Ta tsaya, ba don ta yarda ba, sai don ta tara abin faɗa.

Wani ƙaton yaro mai suna Nazir ya riga kowa kai ƙarshen kuyyarsa. Ya ɗaga hauya sama yana jiran yabo. Nan take gangar ta yi shiru. Yaron ya sosa ƙeya, ya waiga, ya hango wata 'yar mitsitsiyar yarinya da ko rabi ba ta kai ba. Ya je ya kama kuyyarta daga ɗaya bakin, yana nomowa tana nomowa, har suka haɗu a tsakiya. Sai a lokacin gangar ta ɓarke, Malam ya ɗaga murya:

"Nazir na gaba mai waiwaye, ya gama bai zauna ba, ya tarbo ta baya."

Yaron ya koma yana tafiya kamar an naɗa shi sarauta.

"Haka babana ke yi wa manoma a garinmu Faru," in ji Zaharaddini, da yara suka tafi wanke hannu. "Ganga ba ta yabon wanda ya riga kowa sai ya juyo ya tarbi na baya. Na sha rubuta musu a allo cewa taimakon juna abu ne mai kyau. Sun kwafa, sun ci jarrabawa, suna fita suka ture juna a bakin famfo. Shi ne na ce bari in gwada ta hanyar gidanmu."

Taiba ta nemi faɗan da ta taho da shi, ta rasa inda ta ajiye shi. Abin da ta iya cewa kawai shi ne, "To, ba laifi." Ta juya ta tafi, ta manta allinta a kan kuyya.

Da yamma tana gidan Gwaggo Nagode, yayar babanta da take zaune a wurinta a cikin Mafara, saƙo ya shigo wayarta:

"Malama, Zaharaddini ne, a ofis na samu lambarki. Kin bar allinki a gona, na adana shi. In kina so, sai ki zo gayya ta gaba da ƙafarki."

Ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta rubuta:

"Sarkin Kiɗa, allin gwamnati ne, ba a yin garkuwa da shi."

Amma ta je. Ta kuma ci gaba da zuwa.

Kafin zangon karatu ya ƙare, Alhamis ta zama tasu su biyu. Hedimasta, Malam Philip, wani dattijo da ya daɗe a Mafara har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari, ya sakar musu ranar baki ɗaya. Zaharaddini na da gona da ganga. Taiba ta kawo waƙoƙin gaɗa da ta sake wa baiti, da tatsuniyoyin da kakarta ta yi mata, sai dai ita ba ta ƙarasawa, yara take bari su yi gardamar wanda ya kyauta da wanda bai kyauta ba. Wanda ya tsinci abu ya mayar, ko ya faɗi gaskiya a kan kansa, ranar Alhamis yana da kirari. Zambo kuwa an hana, ko ga wanda ya yi laifi. Shirun ganga kaɗai ya ishe shi horo.

Soyayya kuma ta shigo ba ta yi sallama ba. Ya koma kiranta Tayyibata, ita ta gajarce sunansa zuwa Dini. Wata la'asar a zauren Gwaggo, ya ajiye raha ya yi magana a natse.

"Tayyibata, ina son in turo manyana. Amma ki sani tun yanzu, babana Sallau makaɗin noma ne, kakana ma haka. Na san yadda gidaje irin naku ke kallon gida irin namu."

"Dini, da gangar na fara ganin ka," in ji ta, idonta na kan tabarma. "Da ba ta rataye a kafaɗarka, da ko kallo na biyu ba ka samu ba."

Ya yi dariya, amma ta ga damuwar ba ta bar fuskarsa ba.

Yana da dalili. Akwai Mubarak, ɗan aminin Alhaji Barau, mai shagon taki da maganin feshi a kasuwar Mafara, wanda ya daɗe yana zuwa gaishe da Gwaggo fiye da yadda gaisuwa ke bukata. Ba mugu ba ne, Allah na gani, sai dai duk abin da ba a sayarwa a shago, a wurinsa wasan yara ne. Ya taɓa ce wa Taiba, "Wa ke noma da kiɗa a zamanin nan? Feshi ɗaya ya gama aikin." Daga ranar ta san ba za su daidaita ba.

Manyan Zaharaddini suka je Bakura. Alhaji Barau manomin shinkafa ne da duk garin ya sani da magana ɗaya, in ya faɗi abu ko shi kansa ba ya iya ja da shi. Ya karɓe su da mutunci, ya ce a ba shi lokaci zuwa kaka. Abin da Taiba ta ji ke nan.

Abin da ba ta ji ba shi ne, bayan 'yan kwanaki ya aika aka kira masa saurayin shi kaɗai.

"Yaro, na bincika, ba a hwaɗa man mugun halinka ba," in ji Alhaji. "Amma ba ni son jikokina su tashi ana nuna su ana cewa ɗiyan maroƙa. In kana son ɗiyata, hannunka ba ya ƙara taɓa ganga. Ka tahi ka gwada kanka har kaka. Kuma maganag ga tsakanina da kai ta, ko ita ba ni son ta ji."

Zaharaddini ya sunkuyar da kai. Ya tuna babansa, ya tuna yaran, ya tuna Taiba. Sannan ya ce, "Na yi alkawari, Baba."

Alhamis ta zo, ya fito gona hannu biyu. Gangar ya rataye ta a ofishin hedimasta. Taiba ta tambaye shi, ya ce tana hutawa. Wata Alhamis ta zo, tana nan tana hutawa. Yara suka fara noma kamar an sa su dole. Wanda ya riga gamawa sai ya yar da hauya ya nemi inuwa, na baya kuwa ta kansa. Taiba na kallon abin da suka gina yana zubewa a hankali, shi kuma yana tsaye yana ƙirga musu da baki, muryar ba ta kai ko'ina.

Mubarak bai bar damar ta wuce ba. "Ashe malaminki ya waye," ya ce mata a ƙofar gida. "Ya ga zai shiga gidan manya, ya fara jin kunyar sana'ar ubansa. Ko kuwa dai ya gaji ne gaba ɗaya."

Ta ba shi amsar da ta dace da shi, amma maganar ta zauna mata a rai. Ta ɗauki waya ta rubuta:

"Dini, in saboda ni kake jin nauyin gangar, ka sani ni ba ta taɓa sa ni sunkuyar da kai ba. In kuma da ni ka gaji, ka faɗa min kai tsaye. Ba sai ka hukunta yaran mutane ba."

Amsa ta zo ba da jimawa ba:

"Tayyibata, ban gaji ba, ba kuma zan gaji ba har in koma ga Allah. Akwai maganar da ba tawa ni kaɗai ba ce. Ki yi min haƙuri zuwa kaka."

Ba ta mayar ba. Ta shiga gaishe shi a makaranta kamar baƙo, shi kuma ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ita ma ba daɗi take ji ba, tuwo ma sai Gwaggo ta yi da gaske take ci.

Gwaggo Nagode ce ta gaji da kallon su. Ta karɓi wayar, ta sa aka karanta mata saƙon, ta yi tsaki.

"Zuwa kaka? Ke ɗiyag ga ba ki da wayo. Wa kika ji ya ce a ba shi zuwa kaka? Wanga aikin Barau na. Ni na goye shi, na san ɗaurinai. Ya hana yaron ga kiɗa, ya kuma hana shi hwaɗi."

Taiba ta zauna a bakin gado ta yi kuka mai isarta. Kukan haushi ne da na godiya a haɗe. Ta ji haushin babanta, ta ji haushin kanta da ta zargi bawan Allah, ta kuma gode wa Allah da ya nuna mata wanda zai iya ajiye abin da ya fi so saboda ita bai ko yi mata gori ba.

Washegari ta same shi a gindin darbejiyar makaranta.

"Baba ne ya hana ka, ko?"

"Ni dai ban ce komai ba."

"Na sani, Gwaggo ce ta gane. Ka yafe min, Dini." Ta rage murya. "Amma Bakura da nisa. Wa zai gaya masa in ka kaɗa wa yara sau ɗaya a mako?"

Ya dube ta da tausayi. "Tayyibata, me muke koya musu? In na kaɗa a ɓoye, da wane baki zan yi wa mai cika alkawari kirari?"

A ranar ta ƙara son sa, a ranar kuma ta gane cewa in aka tafi a haka, za ta samu mijin, amma rabinsa za a kawo mata. Ɗiya ba ta tsayawa gaban ubanta ta yi gardamar aurenta, wannan ta sani. Sai ta shiga tunanin abin da ɗiya ke iya yi.

"Kai aka hana," ta ce masa a ƙarshe. "Ni ba wanda ya hana ni."

Alhamis ta gaba sai ga Malama Taiba da bahon ruwa, da babbar ƙwaryar Gwaggo, da 'yan sanduna biyu. Ta kifa ƙwarya a kan ruwa yadda mata ke yi a gidan biki, ta zauna a bakin gona ta fara bugawa.

A nan fa dole a faɗi gaskiya. Taiba ta iya koyarwa, ta iya girki, ta iya faɗa, amma kiɗa Allah bai ba ta ba. In ta fara a hankali sai ta zabura, in ta zabura sai ƙwaryar ta sulle ta watsa mata ruwa a fuska. Yara suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Amma da ta yi shiru a kan wanda ya riga gamawa, sai ga shi ya juya ya tarbi na baya. Ta yi masa kirari da siririyar muryarta, ya koma yana taƙama. Zaharaddini na tsaye hannuwansa a baya, bai san ko ya yi dariya ko ya yi kuka ba.

Labari ya shiga kasuwa ranar Talata, ya faɗa kunnen Mubarak. Shi a ganinsa ya samu abin da zai kashe maganar baki ɗaya. Ya tuƙa mota har Bakura.

"Baba, ka ga abin da yaron nan ya jawo. Yanzu ɗiyarka ce ke kiɗa a bainar jama'a."

Alhaji Barau ya saurare shi har ya gama. Ya ce masa kawai ya zo ranar Alhamis da safe ya kai shi.

Taiba ba ta san sun iso ba. Ba ta san Malam Philip ya tarbe su da doguwar gaisuwa, ya roƙi Alhaji ya tsaya a bayan aji ya ga darasin kafin ya yi hukunci ba. Ita dai tana fama da ƙwaryarta, ranar kuma abin ya fi kullum lalacewa. Bugun ya rikice, hauyoyi suka daina sauka tare, har biyu suka gwabza da juna, saura kaɗan a sari wani a ƙafa.

Yara suka tsaya. Wasu manya daga cikinsu suka ruga ofis suka ɗauko gangar, suka ajiye ta a gaban Zaharaddini.

"Malam, don Allah karɓi. Malama ta gaji."

Ya dubi gangar. Taiba ta ga yatsunsa na motsi a bayansa, kamar su kaɗai ke kiɗan.

"Ku mayar da ita," ya ce. "Na yi wa wani babba alkawari ba zan taɓa ta ba."

"Ai ba ya nan, Malam," in ji wata yarinya.

"Ba ya nan. Amma ni da na yi alkawarin ina nan. Ku ci gaba da bin Malama, tana ƙoƙari."

Yara suka ɗauki hauyoyinsu ba musu, gangar na nan inda suka ajiye ta. Taiba ta share ruwan fuskarta, ta ɗaga sanduna.

"Ke Taiba, aje ƙwaryag ga."

Ko a mafarki ta san muryar. Sandunan suka faɗi cikin baho. Ta durƙusa a inda take, gabanta na dukan da ya fi nata kiɗan daidaito. Zaharaddini ma ya zube ƙasa. Yara suka gaida baƙo baki ɗaya, suka ja gefe.

Alhaji Barau bai dubi kowa ba. Ya tattara babbar rigarsa ya shiga gonar, yana bin kuyyoyin da kallo irin na wanda ya tsufa a cikin aikin. Ya tsaya a kan wata da aka nome daga baki biyu aka haɗe a tsakiya. Ya daɗe a wurin.

"Wa ya koya masu tarbo?"

"Malam ne," in ji yara.

"Rabona da in ga an tarbi wani a gona, tun ana gayya gonakin nesa ba tsoro." Ya juyo ga ɗiyarsa. "Ke kuma, tun ina yaro nike jin kiɗan noma, ban taɓa jin wanda ka sa hauya ta nemi ƙahwar mutum ba sai naki. Shi ya sa ki?"

"A'a, Baba. Ni na sa kaina."

"Na sani. Halina na, ba ki bar komi ba."

Ya matsa gaban Zaharaddini, wanda har lokacin bai ɗago ba.

"Na ɗaure hannu guda, kiɗa ya hito cikin gidana. Na ji abin da ka ce ma yaran ga, kuma ba ka san ina nan ba. Ni roƙo nike gudu, yaro. Na zaci abin da nis sani na, a yabi mai kuɗi ko ɓarawo na, a zagi wanda bai ba da ba. Ban san ana yabon hali da ita ba." Ya nuna gangar da ƙafa. "Ni na ɗaure ka, ni ka kwance ka. Ɗauki."

Zaharaddini bai motsa ba. Ya ce, "Baba, in na ɗauka, ita fa?"

Taiba ta kasa kunne.

"Ita ma na ba ka," in ji Alhaji Barau. "Da gangar, da komi. Ka turo manyanka a sa rana. Ka dai yi man alkawari guda, kar ka sake bari ta taɓa ƙwarya."

Taiba ba ta tsaya jin sauran ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska ta ruga aji, ta bar baho da ƙwarya a nan. Tana zaune a kan bencin yara tana kuka tana dariya, ta ji gangar ta tashi, cikakkiya, mai nauyi, kamar ba ta taɓa hutawa ba. Da ta leƙa ta taga sai ta ga babanta ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa Malam Philip, ya karɓi hauyar wani yaro ya kama kuyya.

Mubarak na cikin mota yana jira. Shi ya kawo Alhaji, shi kuma ya mayar da shi Bakura, a hanya yana sauraren yabon Zaharaddini har suka isa. A yaba masa, bai ƙullaci kowa ba, ranar biki ma motarsa ce ta yi ta jigilar baƙi.

Bayan an kai amfanin gona gida aka ɗaura auren, ranar Juma'a, a zauren Alhaji Barau. Mutanen Faru suka zo, malaman makaranta suka zo, iyayen yara har daga Ruwan Gizo suka cika ƙofar gida. Taiba na can ciki cikin ƙawaye, amma Gwaggo Nagode da ke leƙe ta ƙofar tsakar gida ta kawo mata labarin da ɗuminsa, tana faɗa tana share ido.

Tsoho Sallau, mahaifin ango, ya iso cikin wankakkiyar rigarsa. Ya yi shekaru yana zuwa bukukuwan mutane, ƙafarsa ta san inda take tsayawa. Da ya kai bakin zaure sai ya tuɓe takalmi, ya tsugunna a waje kusa da takalman jama'a, inda makaɗa ke zama su jira a gama.

Liman ya gyara murya zai fara, Alhaji Barau ya ɗaga masa hannu. Ya tashi ya ratsa mutane har bakin ƙofa.

"Malam Sallau, mi kake yi nan?"

"Alhaji, ai nan na wurinmu."

"Ba yau ba. Yau ɗanka muka ba ɗiya. Kai ka haihe shi, kai ka koya mai abin da nig gani da idona. Taso, surukina."

Ya kama hannunsa ya shigo da shi, ya zaunar da shi a kan dardumarsa, kafaɗa da kafaɗa. Sannan ya ce wa liman bismillah. Da aka shafa fatiha aka kawo abinci, kwano ɗaya suka sa hannu.

Da la'asar, kafin a tafi da amarya, aka kai ta ɗakin babanta. Ta durƙusa, ta so ta yi godiya mai tsawo, duk kalmomin da ta tanada suka gudu.

"Na gode, Baba," shi ne abin da ya fito.

"Ni ka godiya," in ji shi, ya ɗora hannu a kanta. "Kin hana ni yin kuskure ba ki ɗaga man murya ba. Allah shi yi maki albarka, shi ba ku zaman lahiya, shi ba ku ɗiya masu irin halinai. Taurin kai kuwa, wanda ag gare mu ya isa."

Tana cikin mota, lulluɓe, Gwaggo na gefenta, wayarta ta yi motsi a tafin hannunta. Ta ɗaga mayafi kaɗan ta karanta:

"Amaryata, yau na ga babana zaune a tsakiyar zaure yana goge ido da hannun riga. Ya ce min tunda yake bai taɓa jin yadda ake ɗaura aure daga ciki ba, sai a nawa. Na gode wa Allah, na gode wa Baba, na gode miki. Ki taho a hankali, gidanki na jiran ki."

Hawaye suka hana ta ganin haruffa sosai, amma ta rubuta:

"Alhamdu lillahi, Dinina. Ka ce wa Baba Sallau ya saba da zama ciki, akwai suna a gaba in Allah ya so. Ga ni nan tafe."

Motar ta hau titin Mafara, mata na guɗa a baya. Allah ya sanya albarka a gidan Taiba da Zaharaddini, ya raya abin da za su haifa da waɗanda suke koyarwa, ya kuma ba duk mai nema abokin zama da zai riƙe masa amana ko ba ya nan. Amin.